Hawan jini, azkar da tattakin asuba

Bayan rasuwar Hajiyarmu barci ya ƙaurace mini. Kaina kullum a ɗaure, abinci ba ya shiga, zuciya sai bugu. A wani asibiti a nan Gombe aka auna jinina ya haura 140/90. Likita ya rubuta magani, ya ce in rage gishiri da magi, don Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana.

Amma ƙwaya kaɗai ba ta taɓa inda ke yi mini ciwo ba. Na je wajen wani malami a Pantami, dattijo mai sanyin magana. Ya saurare ni har na gama kuka, sannan ya ce, "Ɗana, ka riƙe azkar na safe da yamma. In za ka kwanta ka karanta Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannunka, ka shafe jikinka. Maganin likita kuma kada ka kuskura ka ajiye shi, Annabi (SAW) ya umarce mu da neman magani."

Wallahi wannan maganar ta ƙarshe ta fi komai burge ni, don na san masu cewa a zubar da ƙwaya a dogara da rubutu kawai, kuma ana rasa rayuka a haka.

Yanzu in an idar da sallar asuba nakan taka a ƙafa zuwa wajen Tashan Dukku in dawo. Na koma zuwa gaisuwar ƙannen Hajiya duk Juma'a, mu zauna mu yi ta hirarta. Jinin ya sauka, barci ya dawo, maganina kuma ina sha. Alhamdulillah.