Makabartar bakin teku a Mahadiyya

Yau a Mahadiyya, wani gari a gaɓar tekun ƙasar Tunisiya, muka wuni, kuma har yanzu da nake wannan rubutu bayan sallar isha'i, maganar da muka yi da Baffa a ƙarshen garin tana cina a rai.

Da sassafe muka baro Susa a jirgin ƙasan da ke bin gaɓa ta Munastir. Uwargida da Auta suka wuce bakin ruwa na arewacin gari, inda otal-otal ke jere kuma rairayin fari ne mai laushi, ni da Baffa kuma muka nufi tsohon gari. Wani siririn ziri ne na ƙasa da ya kutsa cikin Bahar Rum, ruwa ya kewaye shi ta ɓangare uku, kuma saboda wannan tsari ne halifan Faɗimiyyawa na farko, Abdullahi al-Mahdi, ya zaɓe shi ya gina fadarsa, ya tare a shekarar 921. Mun shiga ta Sakifa Kahla, dogon zaure mai duhu wanda a dā shi ne ƙofar shiga gari ta tudu. Ganuwar da ke haɗe da shi Sifaniyawa suka tarwatsa ta da albarushi a 1554 lokacin da za su fice, don haka sai guntayenta ake gani nan da can. Mun yi azahar a Babban Masallaci, wanda ba shi da hasumiya, kuma aka sake gina mafi yawansa tsakanin 1961 da 1965 bisa tsarinsa na asali. Baffa yana cikin nishaɗi ƙwarai, yana ta gaya mini cewa a garin nan Imam al-Maziri ya karantar, malamin da suka riƙa cin karo da sunansa suna ɗalibai a zaure lokacin da suke karatun Mukhtasar.

Daga nan muka haura ta gefen Burjul Kabir, sansanin da Turkawa suka gina, sai ga makabarta ta bayyana a gabanmu. Dubban kaburbura ne farare, an gina su an shafe su da farar ƙasa, sun gangara daga gindin sansanin har bakin duwatsun da igiyar ruwa ke duka, babu katanga mai raba su da masu wucewa. A tsakiyarsu akwai tsohuwar tashar jiragen ruwan Faɗimiyyawa wadda aka sassaƙa cikin dutse, yanzu ƙananan kwale-kwalen masunta ne a ciki, samari kuma suna tsalle suna faɗawa ruwan suna ihu. Wata dattijuwa na zaune kusa da wani kabari tana zuba ruwa, jikokinta na wasa a bayanta.

Nan take fuskar Baffa ta canja. Ya yi wa mamatan sallama, ya yi addu'a, sannan ya juyo ya ce mini, "Ɗana, wannan ba daidai ba ne. Malaman mazhabarmu sun karhanta gini a kan kabari da shafa masa farar ƙasa, ga shi kuma an mayar da makwancin bayin Allah wurin wanka da shan iska." Na ce masa, "Allah ya gafarta Baffa, hukuncin ginin ku kuka san shi, ba ni da ta cewa. Amma ni abin da ya ɗauki hankalina shi ne ban ga kabari ɗaya da ya rufta ba, kuma ban ga wanda ciyawa ta cinye ba." Ya ce tsabta daban, alfarma daban, kuma wanda ya saba dariya a gaban kabari wata rana kabarin zai daina yi masa wa'azi.

Ban ƙara magana ba, domin ba na jayayya da shi a kan abin da ya shafe shekaru yana karantarwa, amma zuciyata ba ta bi shi gaba ɗaya ba. Na tuna makabartar da muka kai Inna, yadda ba na taka ta sai in an yi wata rasuwa, da yadda damina biyu suka wadatar har na kasa tantance ainihin inda take kwance. Muna girmama makabarta ƙwarai, muna yin shiru idan mun shiga, sai dai wannan girmamawar ta zo mana tare da nisanta. Alhali Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da ziyartar kaburbura domin suna tunatar da lahira. Yaron Mahadiyya da ke bi ta gefen kabarin kakansa kullum zai je ruwa ya san inda kakan yake, ko da bai tsaya ba. A ɗaya ɓangaren kuma Baffa bai faɗi son rai ba, don na ga baƙi masu yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto da kaburburan a bayansu kamar suna cikin lambu, abin kuma ya sosa mini rai matuƙa.

Da la'asar muka tarar da su uwargida. Ruwan garau yake, marar zurfi a baki, kuma babu cunkoson da muka gani a Susa. Auta ya ƙi fitowa sai da sanyi ya kama shi. Mun ci gasasshen kifi a kusa da tashar masunta, Baffa ya ci kaɗan, bai cika magana ba.

A jirgi muna komawa ya ce gobe in Allah ya kai mu mu sauka a Munastir, domin can aka binne al-Maziri bayan rasuwarsa a 1141, yana son ya yi masa addu'a. Ni kuma na tura wa Yaya saƙo na roƙe shi ya nemi mai gadin makabarta a ƙarshen mako, su duba ko za a iya gane kabarin Inna a ɗora masa alama kafin ruwa ya sake sauka.