Naira ɗaya ta hana ni cin abincin rana

Yau akawun wani kamfani ya kira ni: "Injiniya, lissafi ya ƙi daidaita, naira ɗaya ta yi ɓatan dabo." Manhajar lissafin tasu da Visual Basic 6 aka rubuta ta, wani tsohon yaren rubuta manhaja, bara muka mayar da ita kan intanet da wani yaren mai suna JavaScript. Har la'asar ina tono, shayina ma ya huce. Ashe wajen mayar da lamba cikakkiya, tsohuwar manhajar in ta ga 2.5 sai ta mayar da shi 2, ita kuwa JavaScript 3 take ba ka. Wanda ya rubuta tsohuwar kuma ya yi ritaya, ko layi ɗaya na bayani bai bari ba.

Na dai gyara. Amma tun ɗazu nake tunanin sauran halayen tsohuwar nan da muka baro ba mu sani ba.