Abin da muka tsinta a ƙarƙashin kwalin taliya

Shekarar da muka tare a unguwar Fadaman Mada a Bauchi, cikin zafin watan Maris, na tashi shan ruwa wajen ƙarfe 2 na dare. Ina haska tocila a kicin sai kyankyasai suka watse, wasu bayan firji, wasu cikin tukwane. Washegari na sayo fiya-fiya a kasuwar Muda Lawal, na rufe taga na yayyafa ko'ina. Da safe na share matattu tuli guda, na ce an rabu. 'Yata mai asma kuwa ta kwana biyu tana tari, abin da har yau nake jin haushin kaina a kansa.

Ba a cika wata biyu ba sai ga ƙanana birjik, ko fiffike ba su yi ba.

Ƙanena da ke karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ne ya zo ya ɗaga kwalin taliyar da nake zuba albasa a ciki, ya ɓamɓaro wani abu mai ruwan ƙasa, kamar ƙwayar wake.

"Yaya, kin san wannan?"

Na ce ai datti ne. Ashe jakar ƙwai ce. Manyan jajayen nan masu fitowa daga masai da kwata, kowace jaka tasu tana ɗauke da ƙwai kamar 16, kuma ɓawonta tauri gare shi, feshi ba ya ratsa shi. Iyayen na kashe, 'ya'yan suna kwance abinsu suna jiran lokaci. Akwai kuma wani irin kyankyaso, ƙanana masu baƙin layi biyu a bayan kai, waɗanda suka fi fitina: macen tana jan jakarta a gindi har dab da ƙyanƙyashewa, ƙwai 30 zuwa 40.

Maganar ruwa ce ta fi kama ni. Kyankyaso yana jure yunwar wajen wata guda, amma ƙishirwa ba ya wuce mako. Ni kuwa kwanuka nake jiƙawa su kwana, famfo na ɗiga, gindin randa kullum a jiƙe. Da hannuna nake shayar da su.

Muka ƙone kwalaye, muka liƙe tsagogin bango da siminti, masai ya samu murfi. Wanke-wanke ya koma bayan Isha'i, duk gajiya. Hodar borik mai kashe ƙwari da sukari na zuba a murfin kwalba can bayan firji, inda hannun yara ba ya kaiwa.

Da damina ɗaya-ɗaya yakan ɓullo ta kwata. Kajin maƙwabciyata ne ke ji da shi.