Godiya ga duk wanda ya tsaya mana a rashin lafiyar Umma

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillah an sallamo Umma daga asibiti, tana gida jiki da sauƙi sosai, shi ne na ce bari in zo nan in yi godiya gaba ɗaya don wallahi in na ce zan bi kowa a waya ba zan gama ba.

Da yawa kuna tambaya wai me ya same ta haka kwatsam. To ba kwatsam ba ne, ta daɗe tana fama da ciwon gaɓɓai, yatsun hannu duka biyun su kumbura, da asuba su sandare sama da awa ɗaya ko buta ba ta iya ɗagawa sai an zuba mata ruwan alwala. Diclofenac ɗin kemis take sha kullum, wani lokacin ta haɗa da ibuprofen kuma ba ta ci komai ba, tunda dai yana kwantar da ciwon kowa ya ɗauka shi kenan. Ashe yana can yana cin cikinta, har ranar da ta fara jiri, bayan gida ya koma baƙi kamar kwalta, aka ce gyambon ciki ne yake zubar da jini.

Godiya ta musamman ga maƙwabcinmu da ya fito da mota cikin dare bai ko tsaya tambaya ba, da samarin unguwa da suka ba da jini, da Kawu da ya biya kuɗin gwaje-gwaje, da nas-nas ɗin ɗakin mata, gaskiya sun yi haƙuri da mu don Umma akwai ƙin allura. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Likitar gaɓɓai kuwa ban san da wane baki zan gode mata ba. Ita ce ta sa aka yi gwajin jini na RF da anti-CCP, masu taimakawa wajen gano irin ciwon gaɓɓai, ta zaunar da mu ta ce Hajiya wannan ba ciwon tsufa ba ne, garkuwar jikinki ce ke yaƙar gaɓɓanki, kuma ya fi kama mata. Ta ce maganin kumburi irin diclofenac raɗaɗi kawai yake ragewa, ba ya hana gaɓɓai lalacewa. Yanzu Umma tana kan methotrexate, maganin da ke rage wannan yaƙin na garkuwar jiki, sau ɗaya a SATI fa ba kullum ba, likitar ta nanata mana wannan har ta rubuta ranar a jikin kwalin, sai folic acid da omeprazole na ciki, da gwajin jini da na hanta lokaci-lokaci. Ta ce sai an yi sati 6 zuwa 12 kafin a ga aikinsa sosai, to muna nan muna bi a hankali, jiya dai Umma da kanta ta ɗaura ɗankwali.

Masu son zuwa dubiya bismillah, bayan la'asar ya fi. Amma don Allah don Annabi kar a zo mata da jiƙe-jiƙe ko haɗin ƙwayoyin nan na cikin leda, likita ta hana, ita kuma Umma kunya ba za ta bar ta ta ce a'a ba.