Tarihin Rayuwata (Kashi na 9): Shekarar da Na Zama Azzalumi

Makon jiya na tsaya a kan rasuwar Hajiya Babba, amma sai na koma baya tukuna, don wata maganarta ta hana ni barci: "Yaron da ya ga jini, a riƙe hannunsa."

A watan Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, rikici ya ɓarke a Zariya. Ina ɗan shekara 14, muna Tudun Wada. An aike ni sayen koko, na dawo ba koko ba kwano. Abin da na gani a bakin titi ba zan rubuta shi ba. Aka sa dokar hana fita, muna ƙunshe a gida, ba wanda ya tambaye ni komai.

Da aka koma makaranta sai na rikiɗe. 'Yan aji ɗaya nake tarewa, in ƙwace musu kuɗin tara, in sa su tsallen kwaɗo. Akwai wani yaro mai in'ina, shi na fi matsa wa. Wallahi in na ga jikinsa na ɓari, sai tsoron da ke cikina ya lafa.

Da ƙara ta iso gida, Kawu cewa ya yi a ƙyale ni, namiji ne, zamanin nan sai da zafin zuciya. Har yau in mun haɗu wurin suna, yakan bugi ƙirji wai shi ya raine ni. Allah dai na gani. Baba kuwa dorina ya ɗauko. Hajiya Babba ta sha gabansa: "Malam, na ce a riƙe hannunsa, ban ce a karya ba."

Umma ce ta riƙe. Kullum bayan isha'i takan zaunar da ni tana tsintar wake, ta ce, "Babangida, me ka gani ranar nan?" Sai da na yi mako uku kafin bakina ya buɗe. Ba ta katse ni ba, ba ta ce namiji ba ya kuka ba. Ta binciko abokaina ɗaya bayan ɗaya, ta raba ni da majalisar bakin kwalbati. Baba ya sauko, ya riƙa raka ni Islamiyya da kansa. (Yanzu da nawa ɗan ya kai 10, in aka yi harbi a unguwa, a daren nake zaunar da shi.)

Wata Juma'a Umma ta saka hijabi, ta ƙulle kuɗin adashinta a leda, ta tasa ni gaba har gidan su yaron nan mai in'ina. A zaure ta ce, "Ƙirga abin da ka ci masa, ka miƙa da hannu biyu."