Daga Ringim zuwa 'Yankaba, layin dogo na gefenmu

Bayan sallar asuba muka bar tashar Ringim, an cika but ɗin motar da buhunan barkono har sai da aka ɗaure ƙofar da igiya. A baya an matse ni tsakanin wani dattijo mai riƙe da ledar takardun asibiti da wani matashin malami da ya yi karatu a Misira, wanda duk Asabar yake komawa makarantar Islamiyyar da yake koyarwa a birni.

Da muka zo inda layin dogo ya matso kusa da titi, sai dattijon ya taɓa ni da gwiwar hannu. Awaki ne kwance a kan ƙarfen, wata yarinya kuma tana bin tsakiyarsa da tallan gyaɗa a kai.

"Ɗan nan, ka ga wannan dogon? A kansa na ci ƙuruciyata. Leburan reluwe ne ni."

Layin Kano zuwa Nguru ke nan, wanda aka kammala a 1930 domin kwasar gyaɗa, ya bi ta Jogana da Ringim da Malam Madori da Birniwa. Ya ce a zamaninsu kukan jirgi ne agogon ƙauye, mata na jin sa su san lokacin ɗora tukunya ya yi.

Daga Gezawa hanya ta fara cika. Motocin kayan gwari, 'yan acaɓa da goyon mutum biyu, akori-kura ɗauke da leburori, kowa ya nufi wuri ɗaya. Muna isa Gunduwawa tafiya ta koma rarrafe, direba ya kashe mota don kada mai ya ƙone a banza. Wani a gaba ya ce ai Kano ba ta da magani sai jirgin ƙarƙashin ƙasa irin na Turai.

Malamin ya yi murmushi. Ya ce shi ya hau na Alƙahira har ya gaji, kuma wanda aka buɗe a 1987 ba daga sama ya faɗo ba. Tsofaffin layukan dogo biyu ne na bayan gari, na Helwan a kudu da na Marg a arewa, aka haƙa rami a tsakiyar birni aka haɗa su.

"To Malam, cunkoson ya ƙare?" in ji dattijon.

"Ina fa, Baba! Da safe ko hannu ba ka iya ɗagawa a cikin tarago."

A nan ne na ga maganar ta fi ƙarfin hirar mota. Su kansu biranen da suka daɗe da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da ya cika ya batse, layukan karkara suka koma wa. A Faris, layi na 1 ya kasa ɗaukar jama'a, sai suka haɗa layukan bayan gari na gabas da yamma ta ƙarƙashin birni, aikin da ya haɗu a 1977, suna ce masa RER. Landan ta buɗe layin Elizabeth a 2022, daga Reading da filin jirgin Heathrow a yamma har Shenfield a gabas, ya rage wa tsohon layin ƙarƙashin ƙasa na Central nauyi. Dabarar ɗaya ce. A da jirgin karkara yakan juye fasinjojinsa gaba ɗaya a babbar tasha a bakin gari, su ruɗe su faɗa ƙananan jiragen cikin gari. Yanzu shi da kansa yake ratsa birni, taragonsa manya, tashoshinsa kaɗan, mutum ya sauka kusa da wajen aikinsa ba tare da canjin jirgi ba.

Mu ba mu da jirgin ƙarƙashin ƙasa, adaidaita sahu ne ke ɗaukar wannan wahalar. Amma ciwon iri ɗaya ne, domin yawancin waɗanda suka toshe titin Haɗeja da safen nan ba 'yan birni ba ne, mu ne, mutanen Gabasawa da Ringim da Taura. A ganina, jirgi ɗaya da zai tashi da asuba ya dawo bayan la'asar, a kan lokaci kullum, zai fi gadar sama amfani a wannan hanyar. Legas ma jirginta na Red Line, daga Agbado zuwa Oyingbo, hanyar dogon da ke nan tuntuni ya bi.

Rana ta ɗaga sosai kafin mu shiga 'Yankaba. Dattijon ya duba agogon wayata, ya ce yau kam layin ganin likita ya wuce shi, sai dai ya kwana wajen 'yarsa a Dakata. Malamin ya tsayar masa da adaidaita, suka yi ciniki, ya biya masa kuɗin.