TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 14: Teburin da ya zo shagonmu a Biyana

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya inda tsohon nan mai gyaran kayan katako na dauri ya yarda ya ɗauke ni aiki a Biyana, ƙasar Ostiriya. Toh wata na farko dai shara ce da dafa gam, ni da nake ganin na ƙware a kafinta tun daga gida.

Ana cikin sanyi aka kawo mana wani abu a nannaɗe cikin bargo, da aka buɗe sai ga dunƙulen katako mulmulalle a kan ƙafa uku masu lanƙwasa, kamar an kifa ƙwarya kan ƙwarya. Nace maigida wannan kuma fa? Bai amsa ba, kawai yasa hannu ya tura rabin saman baya ya shige cikin na ƙasan, wallahi sai da nace ikon Allah, ciki ga ƙananan aljihuna jere, ga madubi, ga 'yan ginshiƙai sirara, ga wajen zare da allura da almakashi. Ashe teburin ɗinki ne na matan masu hali, Jamusawa na ce masa Globustisch.

Maigida in ya fara tarihi baya tsayawa. Yace irin wannan an yi yayinsa a Biyana wajen 1815 zuwa 1830, bayan an gama yaƙin Napoleon mutane sun koma gida sun natsu, zamanin da ake kira Biedermeier wanda ya kai har 1848. A Landan ma akwai shagon Morgan da Sanders da suka fitar da nasu wajen 1810, amma nasu na rubutu ne. Wani Josef Danhauser kuwa ya buɗe masana'antar kayan ɗaki a Biyana a 1804, zane-zanen kayansa na nan ajiye a gidan tarihi na MAK, ranar hutu ya aike ni naje na gani da idona.

Amma ni abinda ya tsaya min a rai shine yadda aka lulluɓe shi. Duk kafinta yasan siririn fallen katako baya kwanciya a abu mai zagaye, ko ya tattare ko ya tsage. Su sai su yanka shi gunduwa gunduwa, tsini sama tsini ƙasa faɗi a tsakiya, a jera su zanen katakon wannan ya haɗu da na wancan, kuma fallen da zarto aka yanke shi da hannu shi yasa yafi na yanzu kauri. Babu injin, babu wutar lantarki, kuma shekara ɗari biyu murfin nan yana juyawa baya gogar gefe. Gam ɗin na fata ne da ƙashi, da zafinsa ake shafawa, in ya huce kafin ka danne toh aiki ya koma baya.

Nan ne na gane dalilin da yasa aka barni da tukunyar gam. Wasu fallayen sun ɗago, maigida ya ɗora tsumma mai laima ya bi da ƙarfe mai ɗumi, sai tsohon gam ɗin ya saki, muka goge muka sa sabo ya kwanta lafiya. Da gam ɗin kanti ne irin wanda muke maƙa wa filawud, sai dai a fasa. Ni har yau ina ganin waɗancan mutanen sun yi aikin ne da tunanin wanda zai gyara bayansu, kuma abin yana min ciwo in na tuna gadajen amare da muke bugawa da ƙusa damina biyu sun kumbura.

Shafa shalak ɗin kam, wato banish ɗin da ke sa katako sheƙi, bai barni na taɓa ba, yace da saura, sai dai na riƙe masa fitila yana zagayawa da ƙunshin auduga.

Muna cire aljihun ƙarshe ne hannuna ya danna wani ɗan katako a baya, sai naji ƙas, wani aljihun ɓoye ya turo kai. Abinda muka samu a ciki da yadda muka yi da matar da ta kawo teburin, sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.